Tambaya ta Bakwai

Wai an ce 'yar goggona, wadda muke kira Tabarau, tana bin yaran mutane da tef ɗin tela tana auna musu kai, tana rubutawa a wani baƙin littafi. Wai duk kan da ya wuce misali sai ta aika wa wasu Turawa lambarsa, su yi masa rajista tun yanzu, in yaron ya girma su zo su ɗauki ƙwaƙwalwar. Mai shagon da ke ƙasan benensu ya dafa ƙirji ya ce ya ga littafin. Matar hawa na uku ta ce wane littafi, ita da idonta ta ga ƙwaƙwalwar mutum a firij ɗin Goggo, tsakanin gwangwanin madara da robar ruwan sanyi. Sati guda cur, babu yaron da ya hau benen nan ba hula a kansa.

To, kowa ya cire hularsa ya sha iska. Tef ɗin gaskiya ne, na Goggo ne, aronsa ta yi. An koya musu awon kan jarirai a makaranta, ta dawo gida tana gwaji, kuma kai uku kacal ta auna, ɗaya ma na kankana ne. Abin cikin firij farin kabeji ne, washegari aka dafa shi, har matar hawa na uku aka kai wa, ta kuma cinye. Baƙin littafin yana nan, amma ko Turawan sun same shi sai sun nemo mai karanta musu, don rubutunta kamar kaji sun yi dambe a cikin tawada.

Gaskiyar maganar ita ce ɗaliba ce a jami'a, tana karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, digiri na biyu. Bincikenta a kan yaran da suka bugu a kai ne tun suna ƙanana, da abin da buguwar ke haifarwa bayan kowa ya manta da ita. Shekarunta ashirin da huɗu, siririya kamar tsinken sakace, jakar littattafanta kuwa ta kai buhun siminti nauyi. Abokiyar wasana ce, ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kanta.

Amma akwai abin da ta ɓoye da gaske, kuma ba a firij ba. Shekara goma sha biyar ta yi tana yawo da shi, uwarta ba ta sani ba. Mu ma duk daga baya muka ji.

Goggo tela ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu mata, Tabarau, wadda take kira Babba, da Auta, da ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, da keken ɗinki a gindin taga. A falon nan babu inda za ka zauna allura ba ta gaishe ka ba. Akwai gwangwanin maɓallai, akwai alli, akwai doguwar rular katako da take shata yadi da ita. Ku riƙe rular nan, don ba yadi kaɗai ta sani ba.

Har ta kai shekara tara, Tabarau ba ta san bishiya tana da ganye ɗai-ɗai ba, ta ɗauka wani koren dunƙule ne aka ɗora wa sanda. Sai da malamarsu ta lura tana manna hanci a allo sannan aka kai ta asibiti aka yanka mata gilashi. Satin farko yarinyar nan kamar an sako ta daga kurkuku. Ta karanta bayan gwangwani, ta karanta lambar mota, ta ƙirga tururuwa. A cikin satin ne Goggo ta fita sayen zare da zif, ta bar mata Auta, wadda ke da shekara uku.

"Ki kulle ƙofa. Kada ki buɗe wa kowa, ko ni ce sai kin ji muryata."

"To, Umma."

A saman matakalar benen akwai wata 'yar taga da ake hango wani babban allon talla can tsallaken titi. Tun da aka haife ta take ganinsa ja da fari, ba ta taɓa sanin abin da aka rubuta ba. Ta ce bari ta leƙa, minti ɗaya. Ta buɗe ƙofa, ta yi ɗage, ta karanta. Tallar sabulu ce. Tana cikin karantawa karo na biyu ta ji ƙara a bayanta, gam, gam, gam, sannan shiru.

Matakala goma sha ɗaya ce, daga baya ta ƙirga. Auta tana kwance a ƙasa kamar rediyon da aka zare wa batir, babu kuka, babu motsi. Tabarau ta ɗauke ta tana jijjigawa tana kiran sunanta, har dai can ta buɗe ido, ta tsala kuka, ta yi amai a rigarta. Babu jini ko ɗigo. Wani ɗan ƙullutu ne kawai a saman goshi, can cikin gashi. Ita kuwa a iliminta na 'yar shekara tara, inda babu jini babu ciwo, inda babu ciwo kuma babu dalilin shan duka. Ta wanke ta, ta canja mata riga, ta jawo gashi ta rufe ƙullutun, ta goge matakala, ta kwantar da ita.

Goggo ta dawo ta tarar da gida tsaf, yarinya tana barci.

"Ikon Allah, yau ta kwanta ba rigima? Allah ya yi miki albarka, Babba. Da ba ke, ban san yadda zan yi ba."

Da zagi aka yi mata, da ta faɗa a wurin. Albarkar nan ce ta ɗinke mata baki.

Da farko kamar babu komai. Auta ta tashi ta ci gaba da ɓarnarta, ta yi wayo, ta yi baki. Sai da ta shiga makaranta, karatu ya fara nauyi, sannan abin ya fara leƙowa. A aike ta abu uku, ta dawo da ɗaya, shi ma ba wanda aka ce ba. Takalman da ta ɓatar a firamare sun isa a buɗe shago. A taɓa ta kaɗan ta tashi kamar an watsa wa wuta fetur, ta jefi mutum da abin da ke hannunta, bayan minti biyar ta zo tana tambayarsa me ya same shi a goshi. Malamai suka ce daƙiƙiya ce. Dangi suka ce sangarta ce ta auta. Goggo, wadda ta yi rantsuwa ba za a ce marayunta sun lalace a hannunta ba, ta ce taurin kai ne, ta ɗauko rula.

Tabarau kuwa ta zama waliyyiyar gidan. Ita ke yi wa Auta aikin gida, ita ke bin hanya tana neman takalmi. In za a aike ta sai ta zana mata hoton abubuwan a takarda, ga sabulu, ga ashana, ga burodi. In an ɗaga rula sai ta shiga tsakani ta ce ita ta fasa kofin. Duk dangi da ita ake yi mana gori. Ni kaina an ce min "ka dubi 'yar goggonka" ya fi sau dubu, har na tsani gilashin ido.

A lokacin ba ta haɗa faɗuwar da halin Auta ba, tsoro ne kawai da nauyin ƙarya. Sai a shekararta ta biyu a jami'a, tana shirin zama mai haɗa magunguna, wani malami ya zo ya yi musu darasi a kan gaban ƙwaƙwalwa. Yadda ta fassara mana, mu marasa galihu, wai wurin kamar ɗan sandan kan mararraba ne, shi ke cewa ke tsaya, kai wuce, kai jira. Ƙaramin yaro bai cika buƙatarsa ba, don uwa ce ke yi masa aikin. Sai ya girma, motoci sun yi yawa, sannan a gane ashe ɗan sandan ya taɓa jin rauni, ba ya iya ɗaga hannu da sauri. Malamin ya ce wani lokaci buguwar da babu jini ita ce ke yin wannan aiki a ɓoye. Ta fita daga ajin ba ta ɗauki jakarta ba. Kafin zangon ya ƙare ta sauya fanni.

Da ta kai ga bincike, Farfesanta ya tura ta asibitin koyarwa, sashen yara masu larurar ƙwaƙwalwa, duk Talata da Alhamis. Wata doguwar baranda ce mai bencinan ƙarfe, da fanka a sama da ke juyawa don kunya kawai, ba don iska ba. Iyaye mata a jere, kowacce da kati a hannu, wata da yaro a cinya, wata tana riƙe da wanda ya fi ta tsawo. Aikinta ta zauna da su ta cike fom mai tambaya ashirin da biyu. Ana buƙatar mata sittin.

Tambaya ta ɗaya zuwa ta shida lafiya lau. Shekarunsa nawa, yaushe ya fara tafiya, ya taɓa buguwa a kai. Sai ta bakwai: a hannun wa yaron yake lokacin da ya faɗi?

Nan ake rabuwa.

"A hannun Allah yake, 'yan mata."

"Ubansa ne ya aiko ki?"

"Au, na ce ya faɗi? A'a, mantuwa na yi, ɗan maƙwabta ne."

Wata ma sai ta miƙe ta ce an kira lambarta, alhali likitan bai iso ba. Sati shida, fom tara. Farfesa ya duba su ta saman gilashinsa ya ce, "In mutane ba za su yi magana ba, ki koma kan ɓeraye. Su ba su da surukai."

Ta san abin da ke rufe bakin matan nan fiye da Farfesa, amma wanzami ba ya son jarfa. Kullum sai ta karanta tambayar da sauri, idonta a kan takarda, kamar mai tsallake kwata.

Ran wata Alhamis ta faɗa hannun wata mata mai jiki, mai murya kamar lasifika, da ake kira Maman 'Yan Biyu. Ɗaya daga cikin tagwayenta ne ke da larurar. Da aka zo ta bakwai, matar ta karɓe biron daga hannunta ta ajiye a benci.

"Ke 'yar nan, tsaya. Kin taɓa haihuwa?"

"A'a, Mama."

"Kin taɓa raino, ga tukunya a wuta, ga wani yana kuka, ga mai gida yana kira?"

Matar ba ta jira amsa ba.

"To kin gani. Kin zo da takarda fara tas kina neman mai laifi. Mu da kike gani a nan, kowacce ta riga ta yanke wa kanta hukunci, ba ma buƙatar alƙali mai gilashi."

Matan benci suka ce gaskiya ne. Tabarau ta dubi biron, ta ji bakinta ya buɗe ba da izininta ba.

"Ƙanwata a hannuna ta faɗi. Matakala goma sha ɗaya. Na goge wurin, na canja mata riga, ban faɗa wa kowa ba."

Ta ba su labarin tun daga allon sabulu har zuwa rula. Can wata siririyar mata a ƙarshen benci ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Nawa daga kan gado ne. Wanka na shiga." Wata ta ce nata daga kan babur, tana riƙe da shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun da kaya. Wata ta ce a hannun kakarsa ne, uwar mijinta, kuma har yau mijin bai sani ba, don wa zai kai ƙarar uwa wurin ɗanta? Maman 'Yan Biyu ta ɗauki biron ta mayar mata.

"Rubuta. Ni ce. Na ɗora shi a kan tebur ina sa wa ɗan'uwansa wando."

Fom goma sha ɗaya ta cike a ranar. Tana haɗa takardunta, sai matar ta ƙura mata ido.

"Wai ni kam, ke ba 'yar telar nan ba ce ta hawa na biyu? Mai rula?"

Tabarau ta ce ita ce.

"Allah sarki, ashe abin da ya sami Autarku ke nan. Ai ɗinkina yana wurinta, jibi Asabar zan je karɓa. Dole in jajanta mata, baiwar Allah."

Matar ba muguwa ba ce, bakinta ne kawai aka manta ba a sa masa ƙofa ba. Kuma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita a gaban mata sama da goma. Abin da ya rage wa Tabarau shi ne zaɓi ɗaya: uwarta ta ji daga bakinta, ko ta ji daga bakin mai karɓar ɗinki.

Da ta koma gida ran nan ta gwada. Ta tsaya a bayan keke ta ce, "Umma." Goggo ta ce, "Kin dawo? Sannu. Abincinki yana rufe, ki ci, duk kin rame a kan 'ya'yan mutane, Allah dai ya biya ki." Maganar ta koma ciki.

Ran Juma'a da la'asar ta zana wa Auta hoton abu huɗu, ta tura ta shago mafi nisa. Goggo tana kan keke tana haɗa hannun riga, da allura biyu a baki. Tabarau ta jawo 'yar kujera ta zauna a inda masu kawo ɗinki ke zama.

"Umma, kin tuna satin da aka yi min gilashi? Ranar da kika je sayen zif?"

"Zif nawa na saya a duniya, Babba?"

"Ranar da kika dawo kika tarar Auta tana barci. Ba barcin lafiya ba ne. Na buɗe ƙofa. Ta faɗo daga saman matakala har ƙasa."

Keken ya ƙara tafiya kaɗan da kansa, sannan ya tsaya. Goggo ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a jikin yadi.

"Da kai?"

"Da kai."

"Ta suma?"

"Na ɗan lokaci. Sannan ta yi amai."

"Abin nan da kike karantawa. Shi ne?"

"Ba zan iya rantsewa ba, Umma, an daɗe. Amma ya yi kama sosai."

"Tun yaushe kika san ya yi kama?"

"Shekara biyar."

Goggo ta juya ta dubi taga. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi.

"Faɗuwar ba ta dame ni ba. Yarinya ce ke, ni na bar ki da ita. Na yafe shekara goma ma, ki ce ba ki sani ba. Amma biyar ɗin nan fa? Kina zaune a falon nan da iliminki, kina kallo ina dukan yarinya a kan abin da ba ta da iko da shi. Kika bar ni ina ɗaukar alhaki da hannuna."

"Ina shiga tsakani, Umma."

"Bayanki na ce ki ba ni? Magana ɗaya za ki yi."

Ta mayar da ƙafarta kan keke. Auta ta dawo da abu uku cikin huɗu, tana jiran faɗa, ba wanda ya ce mata komai.

Asabar da hantsi Maman 'Yan Biyu ta iso, ta cika falon da sallama, ta zauna ta fara, "Hajiya, ashe haka abu ya faru, sai shekaranjiya 'yarki take ba mu labari a asibiti." Tabarau tana ɗaki, tana jin komai.

"Na sani," in ji Goggo. "A gidana aka yi. Ita ma yarinya ce lokacin. Tashi ki gwada rigar, ina jin kin ƙara ƙiba."

A gaban baƙuwa ke nan. Baƙuwa na fita, shirun ya dawo. Ni na ce wata guda aka yi ba ta yi mata magana ba, ita ta ce kwana huɗu ne, amma wanda ya san Goggo ya san kwana huɗunta ya fi watan wani. Tana amsa gaisuwa, tana rufe mata abinci, amma "Babba" ya ɓace daga bakinta. Tabarau ta ci gaba da zuwa asibiti, tana cike fom ɗin mutane, tana dawowa gidan da ba a kallonta.

Rana ta biyar da safe, tana sa takalmi, ta ji an ce, "Kawo takardar taki."

Suka zauna a teburin yanka, aka ture yadi gefe. Shekarunta nawa, yaushe ta fara tafiya, ta taɓa buguwa a kai. Goggo tana amsawa kamar a gaban alƙali. Da aka zo ta bakwai Tabarau ta yi tsalle zuwa ta takwas.

"Kin tsallake ɗaya. Ina ganin lambar, ban makance ba."

"A hannun wa yaron yake lokacin da ya faɗi."

"Rubuta, a hannun uwarta."

"Ba kya nan, Umma."

"Shi ya sa."

"Ba zan iya rubuta abin da ba haka ba."

"Yau kuma? Shekara sha biyar kina iyawa, sai yau da na roƙe ki?"

Tabarau ta ajiye biro, gilashinta ya yi hazo. Goggo ta zare shi daga fuskarta, ta goge da bakin zanenta, ta mayar mata a karkace.

"To bar wurin babu komai. Wanda ya ƙirƙiro tambayar nan bai taɓa raino ba. Ci gaba, Babba, ina da ɗinki."

Sai ga Auta ta fito da buroshi a baki. Goggo ta kira ta, ta zaunar da ita, ta yi mata bayani da kanta, a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya, yadda ba ta taɓa yi mata magana ba. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa jin wata uwa a danginmu ta faɗa wa 'yarta ba.

"Ki yafe min dukan da na yi miki."

Auta ta cire buroshin. "Wanne daga ciki?"

"Duka."

"Har na ranar da na ƙona labule? Wannan kam da gangan na yi."

Ta juya ta dubi yayarta. Fuskarta ta canja, ta suri gwangwanin maɓallai ta maka shi da bango, ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Su biyun suka durƙusa suna tsince maɓallai. Wannan fushin bai wuce a minti biyar ba, ya kwana biyu, kuma Tabarau ta ce shi ne fushin Auta na farko da ta ji ya dace da girman laifin. Rana ta uku ta fito ta tsaya a kan Tabarau tana karatu.

"Yaya, me aka rubuta a allon?"

"Tallar sabulu."

"Sabulu. Ko na mota ma ba." Ta girgiza kai. "Matsa in zauna."

Farfesa ya ƙi karɓar fom ɗin gidan, ya ce mai bincike ba ya sa 'yan gidansu a lissafi, ƙa'ida ce. Amma da ta zauna ta yi masa bayanin abin da ya faru a kan bencin nan, ya yarda aka nemi izini aka sauya ta bakwai. Yanzu cewa take, bayan ya faɗi, me aka yi? Matan suna amsawa, har da abin da ba a tambaye su ba. Ta wuce sittin ɗin tun kafin lokaci.

An kai Auta wurin likitoci, sun yi mata gwaje-gwaje na kwana da kwanaki. Su ma sun ce ba za su rantse ba, amma sun koya musu dabaru: a ba ta aiki ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta mata, in ta hau a bar ta ta sauko kafin a yi magana. Ba warkewa ta yi ba, kada wani ya ce na ce. Har gobe tana mantuwa, har gobe tana hawa. Sai dai yanzu tana zama gefen Goggo tana sa maɓalli da kalmasa, kuma hannunta ya fi na masu digiri. Ta kuma gano amfanin abin. A ce ta yi wanke-wanke, sai ta dafa goshi ta ce, "Umma, ɗan sandana ya gaji." Goggo ta ce ya huta minti goma ya dawo bakin aiki.

Ganin yadda aka wanke Auta tas a gaban dangi, har masu ce mata daƙiƙiya suna kawo mata tsaraba, sai na ga ai dama ce. Na sami Tabarau a falo ranar wata Lahadi, ta baje takardunta a teburin yanka, na zauna a hankali saboda allura.

"Likitar kawuna, taimaka ki ciko min fom ɗaya. Ina jin ni ma faɗuwa na yi ina ƙarami. Ki duba fa, aji uku na bar makaranta, lissafi ba ya zama, aiki ba ya zama. Ki rubuta min takarda in kai wa Baba, ya san ba laifina ba ne."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na riga ka. Tun watan jiya na zauna da Innarka, tambaya ashirin da biyu, babu wadda na tsallake. Ta ce kai ko daga kan tabarma ba ka taɓa faɗowa ba, don ba ka taɓa tashi ba."